Ranar da Inna Ta Wanke Tabawa

Wata Alhamis ce cikin daminar 1955, ina 'yar shekara goma sha biyu ko kusa da haka. An kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke, indararo na ta ɗiga cikin tsohuwar tukunyar da muke tarawa a gindinsa. Ina zaune a bakin ɗaki ina 'yar carafke ni kaɗai, sai na ga Inna, mahaifiyarmu, ta fito da faifai ta nufi magaryar da ke tsakar gidanmu. Ta shiga tsinkar ganye ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi. Duwatsun da ke hannuna suka zube. Babu wanda ya yi sallama, babu kukan da muka jiyo daga ko'ina, amma duk yaran gidanmu sun san abin da tsinkar ganyen nan ke nufi: wata mata a unguwa ta bar duniya, labarin ne dai bai iso ba tukuna.

Gidanmu na gindin Dala, ta wajen Ƙofar Mazugal. Baba baduku ne, a zaure yake wuni cikin fatu. Inna kuwa wankan gawar mata ta gada daga uwarta, ita ma daga tata uwar, wadda aka ce daga Barno ta zo da ƙwaryar wankan a ka. Ƙwaryar na rataye a ragaya can kusurwar ɗakin Inna, ta yi baƙi, an ɗinke ta wuri-wuri, kullum tana ƙanshin kafur. Ko da rana tsaka aka aike ni ɗakin, da gefen ido nake wuce ta. Ba zan ɓoye ba, har hannun Inna tsoro yake ba ni. In ta dawo daga wanka ta zauna yi mini kitso, sanyin yatsunta har cikin ƙashin bayana nake jin sa. Na taɓa tambayar ta yadda take sani tun ba a aiko ba. Ta ce gaibu na Allah ne, ita dai in zuciyarta ta ce ta tsinki ganye sai ta tsinka, sannan ta ce in tashi in ƙarasa surfen da na bari.

Kafin azahar aka yi sallama. Uwani ce, ƙawata ta makarantar allo, 'yar Tabawa mai daddawa. Tana tsaye a bakin zaure, ƙafa duk taɓo, ko kuka ba ta yi, ta ce uwarta ta rasu. Ita Tabawa mayya ake ce mata a unguwa. An ce wani yaro ne ya taɓa ambaton sunanta cikin zafin zazzaɓi, shi ke nan magana ta zauna. Tun daga nan in ta biyo lungu mata kan janye 'ya'yansu, daddawarta kuwa sai dai a kai kasuwar Kurmi a sayar wa waɗanda ba su san ta ba. Tunda kuma an ce a nono ake shan maita, kowa ya zuba wa Uwani ido yana jiran ranar da tata za ta bayyana.

Mai wanka ba ta yi sai da mai zuba mata ruwa. Inna ta aika gidajen maƙwabta, kowace da uzurinta: wannan kanta ke ciwo, waccan mijinta bai bar izini ba. Sai ta sauke ƙwaryar, ta yi lulluɓi, ta dube ni. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana saboda kunya. Ta ce, "Ke, ɗauko buta."

Ban taɓa jin lungunmu shiru irin na ranar ba. Babu ƙarar taɓarya daga kowane gida, sai kwaɗin kududdufi da ke ta kuka da rana tsaka. A ƙofar gidan su Uwani maza kaɗan ne tsugune suna jiran a gama. Tsakar gidan kuwa, inda da mutuwar wata ce da tabarmi sun cika da mata, babu kowa sai wata baƙar akuya da ta raɓe jikin bango tana bin mu da ido. Inna ta tsaya a bakin ɗakin ta yi sallama, ta ɗan jira, sannan ta ɗaga asabari. Ta durƙusa ta ce a hankali, "Tabawa, ni ce. Na zo da yarinyata, za ta zuba mana ruwa." Haka ta yi ta yi har muka gama. Ba ta ɗaga hannu sai ta gaya mata za ta ɗaga, ba ta juya ta sai ta nemi izini. Ni kuwa ina zuba ruwa, ina jiran in ji an amsa. Iyakar abin da zan iya faɗi game da cikin ɗakin nan ke nan.

Ana dawowa daga maƙabarta masu ciwon kai duk suka warke. Wannan ta shigo aron rariya, waccan ta zo ɗaukar wuta, kowace sai ta zauna ta ƙi tashi. So suke su ji ko ƙanƙarar maita ta fito daga bakin Tabawa, ko fuskarta ta sauya. Amsar Inna ɗaya ce ga kowa: "Mun wanke ta, Allah ya jiƙanta." Da suka gaji da ita suka komo kaina, a bakin rijiya, har da mai ba ni alewa. Wannan bai dame ni ba kamar ranar da Uwani da kanta ta riƙe mini zane a hanyar makaranta. Ta ce in babu komai in fito in gaya musu, su bar ta ta sarara, in kuwa akwai in gaya mata ita kaɗai, ta san abin da ke cikin jikinta. Na dawo gida ina kuka, ina ganin duk duniya babu mai taurin zuciyar Inna.

Bayan la'asar ta tara mu a tabarma, ni da ƙannena. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce abin da uwarta ta bar mata ba ƙwarya ba ce, ƙwarya ai duma ce, kowa na iya fafewa. Riƙe baki ne gadon gidanmu, don mamaci ba ya iya jan zane ya rufe kansa. Na ce to ai in alheri ne babu laifi a faɗa. Ta girgiza kai ta ce, "In na yabi fuskar wata yau, gobe na yi shiru a kan wata, shirun nan ya riga ya tona ta. Shi ya sa magana ɗaya muke yi wa kowa, da matar malami da wadda ake gudu." Ta ce duk ranar da ɗayanmu ya buɗe baki, ranar ƙwarya ta bar gidan nan. Na tambaye ta, to Uwani fa? Ta tashi ta tafi alwala.

Washegari da hantsi, daidai lokacin da mata ke aiko yara ɗiban ruwa, Inna ta ce in kira mata Uwani. Ta zaunar da ita ta zuba musu koko a ƙoƙo ɗaya suka sha. Sannan ta ɗauko autanmu Garba, da ko zama bai fara ba, ta goya mata shi da hannunta, ta ɗaure majanyi tamau, ta ce ta zaga da shi lungu ya sha iska. Na bi goyon da ido har suka fita, don ni ma a lokacin ban san me na yarda da shi ba. Unguwa ta yi makonni tana jiran Garba ya rame, shi kuwa sai ƙiba yake yi har ana tsokanarsa. Maganar ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma Uwani ta koma wasa cikinmu.

Da Inna ta rasu bayan shekaru masu yawa, ni na wanke ta, Uwani ce ta zuba mini ruwa. Na yi wa Inna sallama a bakin ɗaki, na gaya mata ni ce. Da muka fito, Garba, yana da gemu a lokacin, ya tare ni idonsa jawur yana tambaya yaya na ga fuskarta. Ban taɓa son in yi magana kamar ranar ba. Na ce masa, "Mun wanke ta, Allah ya jiƙanta."

Yanzu tun ba a fita da gawa ba an riga an baza a waya yadda fuskarta ke haske, wadda ba a ce komai a kanta ba kuwa kowa ya ƙarasa da zuciyarsa. An sare magaryar an yi ɗakin siminti a wurin. Ƙwaryar tana rataye a ɗakina, jikokina na wuce ta da gefen ido, har yau babu wadda ta tambaye ni labarinta. Ina kewar hannun nan mai sanyi a kaina. Roƙona dai, ranar da za a shigo kaina da buta, Allah ya sa mai shigowar ta iya sallama, ta kuma iya shiru.