Wai sunan unguwarsu ƙauyanci ne

"Baba, ku sa hannu nan," in ji wani mai kwat, yana miƙa ma Kawu Illa takarda.

Jiya ke nan, a bakin garin Yamai, unguwar da ake kira 'Yan Tajaye. Na taho daga Konni gaida Kawu, na iske sababbin masu benaye suna bi gida gida, wai a roƙi meri, wato ma'aikatar magajin gari, ta canza ma unguwar suna.

Kawu ya ce, "Mi sunan ya yi muku?"

"Ƙauyanci ne, Baba. Ko mai taksi ka faɗa ma, sai ya yi dariya."

Kawu ya aje tasbaha. "Ɗana, da muka zo cin rani daga Tajaye, nan daji ne. Mu muka sare ƙaya, muka gina rijiya. Nan matata ta haihu cikin bukka. Kai kanka da ruwan rijiyarmu aka kwaɓa simintin gidanka."

Mutumin ko kunya bai ji ba, ya wuce gida na gaba.

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Fili suka saya, ba tarihin mutane ba.

Jama'a, da kuna wurin, mi za ku ce mishi?