Gungun Taurarin Mai Agogo

Mai Agogo mutum ne da ba a yi masa gardama a kan ido. Tun yana saurayi yake zaune a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene, gilashi manne a idon dama, yana tsinto ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba. Ka kawo agogo ka kuskura ka ce "a duba da kyau," sai ya miƙo maka abinka ya nuna maka hanya.

Da waya ta kashe sana'ar, ya koma gida ya addabi kowa. Matarsa ta ce a samo masa abin yi kafin ya kwance fankar falo. 'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ita ta kawo tsohuwar kwamfutarta.

Ta yi masa bayani. A babban garken taurarin da ranarmu take ciki, akwai gungu-gungun taurari da ƙurar sararin sama ta rufe, ido ba ya ganinsu. Amma akwai madubin hangen nesa mai kama hasken zafi, wanda ke ratsa ƙurar. Hotunan sun yi wa masana yawa, shi ya sa suke neman 'yan sa-kai. In ka ga ɗigo-ɗigon haske sun cure wuri guda, sai ka zagaye su. Kowane hoto mutane da yawa ake nuna wa, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya ake kai wa masana.

Abin nema ya samu. Kullum bayan karin kumallo yana kan teburin cin abinci, hanci kusa da allo. Da farko zagayensa na dacewa da na jama'a, har ya fara yi wa maƙwabta lacca a bakin ƙofa ba tare da sun tambaya ba.

A bana abin ya juya. Yana ganin gungu ƙuru-ƙuru, ya zagaye, sakamako ya dawo cewa shi kaɗai ya gani. Ya sake, haka. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya daina cin abinci da daɗi. Ya zagi 'yan sa-kai, ya zagi masana, ya ce makafi ne aka tara suna sa hannu a aikin masu ido.

Ranar hutunta Uwata ta zo, ta tarar yana dukan tebur.

"Zo ki gani! Wannan ba gungu ba ne? Ni za a raina wa hankali?"

Ta duba. Tauraro ɗaya ne mai haske. Ta daɗe tana zargin yanar ido ce ta fito masa, irin wadda ke raba haske ɗaya ya zama da yawa, amma wa zai tari Mai Agogo da wannan magana? Ta nuna soket ɗin da ke gindin bango.

"Baba, jar fitila nawa ce a jikin wancan?"

"Wace irin tambayar banza ce wannan? Biyar mana."

Matarsa, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta sunkuyar da kai.

"Ɗaya ce, Baba."

Ya tashi a fusace, ya durƙusa, ya laluba da yatsa. Ɗaya ya taɓa.

"Wato kun sani! Kuka zuba mini ido ina zagin bayin Allah, ina ce musu makafi!"

"Tsoronka muke ji, Malam," in ji matarsa.

"Tsoro? Da kuka bar ni na zama abin dariya, shi ne ladabi?"

"Aikin cire yanar ido ba wuya, Baba," Uwata ta ce. "A wajenmu kullum ana yi."

Ya rufe kwamfutar da ƙarfi har kofi ya yi tsalle. Ya ɗauki hula, ya nufi ƙofa yana huci, ya juyo.

"To me kike jira? Mu je asibitin naku. Kuma wallahi kada ki riƙe mini hannu a titi."

Ba ta riƙe ba. Sai da suka zo bakin matakala ta ji ya damƙi gefen mayafinta, yana ta faɗa cewa wanda ya gina benen nan bai san aikinsa ba.