Murfin Distributar Hamma Barkindo

Yayana Barkindo ya shekara talatin da huɗu yana tuƙa Landirofa ɗaya tak, daga Nguroje zuwa ƙauyukan bayan tuddai. Masara, ayaba, gishirin shanu, mace mai naƙuda, babu abin da ba ta ɗauka ba. Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi nasa ya ƙara masa da na wasu. Ni Dija ƙanwarsa ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, don haka na ga halinsa har na ƙoshi.

Matarsa, Adda Dudu, ta sauka Serti wankan jegon autarsu Ummahani. Kwana arba'in aka ce. Arba'in ya wuce, azumi ya wuce, ba ta hawo ba. Kamar haɗin baki, makon da ta tafi motar ta soma gardama. Da safe sai ta yi ta gurnani ta ƙi tashi, in an tura ta kuma ta yi ta tari har ta mutu kafin ta fita gari.

Na ce masa, "Hamma, motoci nawa ke sauka Serti kullum? Shiga ɗaya ka je ka ɗauko matarka mana."

Ya ce, "Motar da ta kawo ta gidan nan tana amarya, ita za ta dawo da ita. Ni in zauna a bayan wani direba kamar buhun dankali?"

"To zauna. Kai da motar duk kun lalace tun da ta tafi."

Gaskiya kuwa na faɗa. Kewarta ta kama shi. Tuwon masarar da nake aika masa rabi yake ci, kuma in mota ta tsaya a kan hanya sai ka ga ya miƙa wuya.

Abokinsa Bitrus makaniki kullum yana gidan. Ya cire wayar fulogi ya kusantar da ita jikin inji, Hamma ya murɗa makulli. Wutar ta fito ja, a raunane, kamar ashanar da ta sha ruwa.

"Shuɗiya ya kamata ta fito, da ƙara, tas!" in ji Bitrus. "Wannan ko sigari ba ta kunnawa."

Suka sake fulogai, shiru. Suka goge bakin kwantak da sanfefa, shiru. Suka aro koyil daga wata motar, suka kankare kan batir, suka bi waya ɗaya bayan ɗaya. Da rana tsaka takan ɗan yi musu biyayya, su yi murna, gari na wayewa ta koma halinta.

Bitrus ya ce, "Barkindo, tsohuwar nan ta gaji. Sayar da ita, kaji su samu ɗaki."

"Kai ma ka tsufa, wa ya sayar da kai?"

Direbobin tudun nan duka suna da al'ada ɗaya: da yamma a cire murfin distributa, wannan baƙin ƙoƙon da wayoyin fulogi ke fita daga kansa, a shiga da shi gida saboda raɓa. Hamma bai taɓa fashi ba. A tagar zaure yake ajiye nasa, ya ɗauka da safe in ya dawo daga masallaci.

Wata safiya na kawo masa shayi, na tarar da murfin a taga. Na juya shi haka kawai. Cikinsa ya yi gumi, ɗigo-ɗigo, ga wani tsagi siriri kamar gashi. Sai na tsaya cak. Shekara nawa ina shiga madafar Adda Dudu ɗebo wuta da asuba, ina ganin wannan ƙoƙon kife a gefen murhu, ita kuma tana shafa cikinsa da wani farin ƙyalle? Ban taɓa tambaya ba. Wallahi na ji haushin kaina.

Na ce, "Hamma, in ka ɗauki wannan da safe, da ɗumi kake jin sa ko da sanyi?"

"Da can da ɗumi. Ɗumin zaure ne."

"Wane ɗumi zaurenka ke da shi? Zauren da ko akuya ba ta kwana?"

Na gaya masa abin da na gani. Ya zauna a kan dakali, ya daɗe yana kallon murfin. Daga nan ya tashi da shi a hannu ya shiga madafar da ƙafarsa ba ta san hanyarta ba, ya durƙusa yana hura wuta, hayaƙi na sa shi hawaye. Ni dai na bar wa hayaƙin laifin.

Da murfin ya bushe aka mayar da shi, wutar fulogi ta fito shuɗiya. Murɗa ɗaya motar ta tashi. Ko hula bai sake ba, na faɗa gaba muka kama gangara.

A Serti, Adda Dudu na zaune a rana da jika a cinya. Tun daga nesa ta gane ƙarar.

Ta ce, "Wa ya busar maka da murfin?"

"Ni."

"Ashe ka iya."

Hamma ya sunkuyar da kai. "Don me ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ya ce ta haɗa kayanta. Sai ta janye zani ta nuna masa gwiwoyinta, duk sun kumbura.

"Sanyin tudun nan ya cinye ni, baban Ummahani. A nan nake iya ruku'u. Ba fushi nake ba, wallahi har mafarkin gidan nake yi. Amma ba zan iya hawa ba."

Muka hawo mu biyu. Shekara uku ke nan. Bitrus ya samo masa sabon murfi marar tsagi, Hamma ya ƙi sawa. Duk Juma'a yana sauka Serti, kuma duk ranar sai ya share kujerar gaba kafin ya tafi, ko da Adda Dudu za ta ce yau ƙafar da sauƙi.