Nei Akanisi, Mai Cire Waya Kafin Ta Yarda

Kafin 'yan dako su gama shan shayinsu a bakin tashar jiragen ruwa ta Walu Bay, Nei Akanisi ta riga ta sauko daga bas, jaka a hammata, lema a hannu, komai ruwan da birnin Suva ya wayi gari da shi. Ba ta fara gaishe da kowa. Ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan ofishinmu take wucewa, ta buɗe ƙofa, ta tsaya tana sauraron kukan na'urori. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bayan hannunta, yadda uwa ke taɓa goshin ɗa. In ta fito tana cewa, "Makereta, kin karya kuwa?" to lafiya lau. In ta fito ba ta ce komai ba, ni ma sai in kama bakina, wanda kuwa ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ni ce Makereta ɗin. Babana, Isikeli, shi ne mai kamfanin jiragen Senibua, masu kai mutane da kaya tsibiran Kadavu da Lau. Ni kuma nake zaune a kantar tikiti, wato ni ce fuskar da ake zagi in wani abu ya lalace. Shi ya sa na fi kowa sanin darajar matar nan. Tun ina 'yar makaranta take riƙe da kwamfutocinmu, amma in ka tsayar da fasinja ka tambaye shi wace ce Akanisi, sai ya ce ko mai sayar da dafaffen rogo ce a bakin ƙofa.

Jirginmu ba ya tashi sai an san wa da wa ke ciki, an san nauyin kowane kaya da inda za a ajiye shi, an kuma miƙa wa hukumar tasha. Duk wannan a cikin na'urorin Nei yake. Ana iya yi da hannu, amma jirgi zai yi kwanaki a ɗaure, mutanen tsibiri kuwa suna can suna jiran shinkafa da kananzir da magani. Sau ɗaya hakan ta taɓa faruwa da mu, wata tsohuwa ta kalle ni ta kanta ta ce, "'Yar nan, ke kin ci abinci yau, jikokina fa?" Har yanzu ban manta muryarta ba.

To, na'urorin suka tsufa. Iskar gishiri ta ci su, kowace da aikinta, kowace da ciwonta. Nei kuma ta ce wa Baba gwiwoyinta sun gaji, tana so ta koma ƙauyensu a tsibirin Matuku da ke Lau, amma ba za ta tafi ta bar mu da gawa ba. Shawararta ita ce a sayi manyan na'urori biyu, a sa musu irin manhajar nan da ke raba na'ura ɗaya ta zama kwamfutoci da yawa. Da na ce ban gane ba, sai ta ce, "Gidan haya ne, Makereta. Gini ɗaya, ta tikiti da ɗakinta, ta kaya da ɗakinta. In ginin ya tsage, sai a kwashe su zuwa ɗaya ginin ba tare da sun daina aiki ba." Abin da ya rage shi ne a zaɓi manhajar da za ta riƙe gidan, kuma masu sayarwa suna da yawa, kowa da daɗin bakinsa.

Nei ba ta sauraron daɗin baki. Kowace manhaja aka kawo, sai ta zuba mata tsohon shirin tikitinmu ta ga ko zai zauna a ciki. Ta kashe na'ura ɗaya da gangan ta ga ko ɗayar za ta ɗauki nauyin. Ta buga lambar masu taimako da rana tsaka, ta ji ko akwai mai amsawa ko kuwa a ƙasarsu barci ake yi. Sai ta tashi daga kujera ta zaunar da Shalendra, mutumin da zai gaje ta, ta naɗe hannu tana kallonsa. In ya waiwayo zai yi tambaya, sai ta ce, "Ni ina Matuku ina tsinke ciyawa, wa kake tambaya?" Gwajinta na ƙarshe shi ne wanda masu sayarwa ba sa so: ta zare wayar intanet daga bango, ta kashe wuta gaba ɗaya, sannan ta kunna ta ga abin da zai tashi.

Ana cikin haka sai ga Waisea ya dawo daga birnin Brisbane da ke ƙasar waje. Waisea ɗan ƙanwar Baba ne, taubashina, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Ya zama wakilin wani kamfanin manhaja, ya zo da riga mai guga da turare mai hawa kai. Gaskiya manhajarsa kyakkyawa ce. Daga wayarsa ta hannu yake kunna kwamfuta ya kashe, yana zaune a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Kuma ba ofis ya fara zuwa ba, gida ya zo da saiwar yangona, wadda ake sha a wurinmu in za a ƙulla babbar magana, aka daka, aka jiƙa a akushi, aka zauna a tabarma. Bayan an tafa an sha, sai ya dubi Baba, wanda yake kira Momo, wato kawu, ya ce, "Momo, aikin nan nawa ne."

A wurinmu kowa ya san abin da vasu, wato ɗan 'yar'uwa, yake a gidan kawunsa. Ɗan 'yar'uwa in ya shigo ya ga tabarma ko alade ko kwale-kwale ya ce yana so, ya ɗauka ke nan, ba a hana shi. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Naka ne." Ni ina gefe na san Nei ba ta gwada wannan manhajar ba, kuma magana ta riga ta fita a gaban akushi.

Washegari na same ta da zafina. "Nei, ki je ki gaya wa Baba ba a yin haka! Kamfani ne wannan, ba alade ba."

Ta ce, "In je in ce wa Isikeli ya kunyata ɗan ƙanwarsa? Ke za ki zauna da goggonki a coci bayan haka?"

"To sai mu zuba ido?"

"Wa ya ce miki manhajar yaron ba ta da kyau? Ni ban sani ba tukuna. Ki zo ranar Asabar da yamma, ki zo da makullin kanta."

Ranar Asabar ofis ba kowa sai mu uku, ni da Nei da Waisea. Ita da kanta ta je gidan su Waisea ta roƙe shi ya zo ya nuna mata yadda abin yake, ta ce ita tsohuwa ce, sabon abu yana ba ta wuya. Ya zo yana fara'a. Na ce masa, "Taubashi, turaren nan naka ai shi kaɗai ya isa ya kashe na'ura." Ya ce, "Ke dai ki sayar da tikiti, kar ki cinye canjin mutane." Ya haɗa komai cikin ɗan lokaci, na sayar da tikitin gwaji, abin yana gudu kamar ruwa. Nei ta yaba, kuma da gaske take.

Sai ta nuna masa bango ta ce, "Ɗana, bayana ba ya sunkuyawa. Zare min shuɗiyar wayar can, ka kashe babban makunnin."

Ya yi dariya, ya zare, ya kashe. Ɗakin ya yi tsit. Da ya mayar da wuta, manyan na'urorin suka tashi, fitilu suka kama, amma kwamfutar tikiti ba ta dawo ba. Allon ya ce a shiga shafin sarrafawa, shafin kuwa yana can ƙetaren teku, a na'urorin kamfanin. Ya danna nan, ya danna can, ya ciro wayarsa ya mayar. Gumi ya jiƙa rigar nan mai guga. Tsokana ta zo min har bakin harshe, Nei ta harare ni, na haɗiye ta da ƙyar.

Can ya ce, a hankali, "Ai da an mayar da intanet za ta tashi."

Nei ta ce, "Haka ne. A Brisbane ina jin ba a rasa shi. Mu nan ranar da aka fi neman jirgi ita ce ranar da babu shi."

Ya zauna a kan kwalin takarda ya ce, "Momo ya riga ya ba ni. In na janye, kamar na raina kyautarsa ne."

"Kai vasu ne," in ji ta. "Abin da ka ga dama kake ɗauka a gidan kawunka. Ka ɗauki aikin, ba wanda ya hana ka. To ka koma ka ɗauki zaɓin ma. In ya zama naka, sai ka zaɓa wa kawunka abin da zai tashi."

Haka aka yi. Waisea ya koma da wata saiwar yangona, ya ce, "Momo, na zo in ƙara ɗaukar wani abu. Ni zan faɗi wadda za a saya." Baba ya ce nasa ne. Sai ya ambaci manhajar da Nei ta riga ta gwada ta gamsu da ita, wata mai mummunar fuska, ba ado ba kwalliya, amma duk abin sarrafa ta yana cikin ɗakinmu, Shalendra kuma yana iya tayar da ita shi kaɗai. Ba nasa kamfanin ne ke sayar da ita ba, kuma na san ya sha faɗa a wurin aikinsa. Baba ya yi ta gaya wa dangi irin hankalin ɗan ƙanwarsa. Nei tana jin ana yabon Waisea, ba ta taɓa cewa uffan ba, ni ce bakina ya kasa riƙewa yau.

Ke ce kika yi wannan, Nei. Ke ce kika raba mu da kuskure ba tare da kin raba gida ba. Da ni ce, da na fasa taron, da yanzu goggona ba ta amsa gaisuwata. Uwar ɗakin sanyi, mai gwada abu kafin ta yabe shi. Kin kwashe tsofaffin kwamfutocinmu zuwa sabon gida ɗaya bayan ɗaya, fasinja ko ɗaya bai san an yi ƙaura ba. Da kika gama, muka yi miki walima da kifi a madarar kwakwa, kika hau jirginmu kika tafi Matuku.

Damina ba ta ƙare ba guguwa ta zo. A Suva ta tsinke wayoyi, ta kayar da turakun lantarki, wuta ta tafi, intanet ya tafi. Da gari ya waye rediyo ya ce idonta ta kan kudancin Lau ya bi, kuma ba a jin ɗuriyar kowa daga Matuku. Kafin hantsi tashar ta cika. Mutane sun zo da buhunan shinkafa da tamfol da jarkokin ruwa, kowa yana da uwa ko ɗa a can, kowa yana kallon kantata. Ni ma kuwa ina da tawa a can, Nei.

Shalendra ya tayar da janareta, ya shiga ɗakin. Ɗaya daga cikin manyan na'urorin ta sha ruwan da ya yoyo ta rufi, ta mutu murus. Na tsaya a bakin ƙofa ina cewa, "Shalendra, don Allah, ka ce wani abu." Ya ce, "Makereta, in kin yi shiru zan fi sauri." Ya kunna ɗayar. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon allon kantata yana baƙi ba. Sai kawai ya yi haske, ga sunan kamfaninmu, ga jiragenmu, ga kowane fasinja. Wayyo, daɗi! Na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Waisea ma ya zo, ya tuɓe riga yana dakon buhu tare da 'yan dako. Da teku ya lafa aka ba mu izini, jirginmu yana cikin na farko da suka fita, ni kuma na ce ko Baba ya yarda ko bai yarda ba, ina ciki.

Matuku ta sha wuya. Itatuwan kwakwa sun zube, kwanon rufi ya watsu har cikin ruwa, gadar da jirgi ke tsayawa a jikinta ta karye, sai da ƙananan kwale-kwale muka isa gaɓa. Ina ta dube-dube cikin mutanen da ke bakin ruwa, sai na hango wata tsohuwa zaune a kan kututture, zani a jiƙe, ƙafa ɗaure da tsumma. Na ruga na faɗa jikinta. Rufin gidanta ya tafi, gonar rogonta ta kwanta, amma ga ta da ranta. Ina kuka ina cewa, "Nei, ta tashi! Ɗaya ta mutu, Shalendra ya tayar da ɗayar, ba intanet ba komai!"

Ta share min fuska da bakin zaninta ta ce, "Na sani. Tun da na hango hayaƙin jirgi na sani. Kin zo da maganin hawan jini? Akwai tsofaffi a coci da nasu ya jiƙe."

Na zo da shi, Nei, yana cikin kayan da na'urarki ta lissafa.

Duk wanda aka ɗora wa zaɓen wani abu a wurin aikinsa, manhaja ce ko injin ne, ya yi koyi da matar nan. Ya gwada shi a irin ranar da komai ya lalace, ya tabbata wanda zai gaje shi zai iya da shi, in kuma dole ya ce a'a, ya nemi hanyar da mutum zai fita da mutuncinsa. Mun gode, Nei Akanisi, ni da Baba da Shalendra da taubashina mai turare, da mutanen da suka ci shinkafa a makon nan ba su san sunanki ba. Allah ya ƙara lafiya, ya warkar da ƙafar. Ki gyara rufinki a hankali, ki sake dasa rogonki. Na'urar tana aiki, ba za mu kira ki ba.