Dangin Audi Mai Wankan Gawa

A Damargu kaf, daga Gangara har Belbeji, ba a taɓa yin mutum mai yawan dangi kamar Audi na Tanut ba. Sai dai bai san ko ɗayansu ba sai bayan mutumin ya cika.

Shi kaɗai uwarsa ta haifa. Gero yake nomawa, in an yi rasuwa a kira shi wanka. Dangin sun fara ne jim kaɗan bayan samun mulkin kai, da Sulemanu, ɗan maƙwabcinsa mai karatun likita a ƙasar waje, ya zo hutu. A bakin kasuwa ya ce can doka ta yarda, gawar da ba wanda ya zo ya ce tasa ce a ba ɗalibai su buɗe su koyi aiki.

Audi bai yi jayayya da ilimi ba. Abu guda ya riƙe: sai gawar marar kowa ake bayarwa.

Ba a jima ba wani Ba'abzine ɗan ayari ya rasu a gidan likita, abokan tafiyarsa sun riga sun wuce da raƙuma. Audi ya je gaban majo, babban malamin jinya.

"Na zo ɗaukar ƙanena."

"Malam Audi, ko Hausa fa ba ya ji."

"Tun yana ƙarami haka yake, ba ya son magana."

Majo ya dube shi, ya ba shi. Audi ya wanke shi, ya tara jama'a aka yi salla. Bayan shi aka yi Bafillace, aka yi Babarbare, aka yi wani direba. Matarsa Tata, wadda ke ɗinka likkafanin, ta ce, "Malam, mahaifinku dai ya sha yawo, Allah ya jiƙansa."

Da kaka wani mai suna Rissa ya sauko daga arewa yana cigiyar wansa ɗan ayari. Audi ya kai shi kabarin, an rufe shi da ƙaya saboda kura. Rissa ya daɗe a durƙushe. Tun daga nan ayarinsu bai ƙara wuce Tanut ba sai ya sauke dabino da gishiri a ƙofar Audi, a ce na ɗan'uwa ne.

Har Audi ya tsufa ana sa masa albarka, kuma ya cancanta. Dokar kuwa ta can ƙasar ce. A Tanut ba ɗalibin da ya taɓa neman gawa. Majo dama mai binnewa yake nema.