Sairusi, Mai Gadin Ganyen Kwakwa

Kullum da sassafe, kafin matan ƙauyenmu su ɗora rogo a wuta, Sairusi ya riga ya tura kwale-kwalensa. Ba kamun kifi yake zuwa ba. Wata sanda yake dubowa, wadda ya kafa a bakin duwatsun murjani na cikin teku ya ɗaura mata ganyen kwakwa. Duk ɗan tsibirinmu na Kadavu ya san ma'anarta: an rufe ruwan nan, ba taru, ba mashi.

Shekara shida ke nan da kifi ya ƙare mana ƙaf, har baƙi masu zuwa kallon murjani suka koma wasu gundumomi. Dagaci ya rufe ruwan, amma aka rasa mai gadi, don wa ke son faɗa da dangi? Sairusi ya ce ya ji ya gani.

Ya kuwa gani! A shekara ta biyu taubashinsa Apenisa zai yi wa ɗansa aure, ya zo da taru.

"Kai, tsohuwar ƙaguwa, kauce! Kifi goma kacal. So kake surukai su ce rogo tsura muke ci?"

"Su faɗa mana, ai ba ƙarya suka yi ba," in ji Sairusi. "In na ɗaga maka ganyen nan yau, gobe kowa ɗansa zai yi aure."

Da kifin gwangwani aka yi bikin. Apenisa ya daina gaishe shi, shekara huɗu cur. Ni ma na zage shi a zuci, don na ci wannan abin kunya.

Asabar da ta wuce aka cire sandar. Jama'a, ban taɓa ganin irinsa ba! Ruwa ya yi baƙi da kifi, taru biyu suka yage, mata na ta shewa, jiragen tsibiran maƙwabta sun cika gaɓa. Apenisa ya saɓo kifi mafi girma, ya wuce ƙofar gidansa bai tsaya ba, ya dire shi gaban Sairusi.

"Ungo, ƙaguwa. Rabonka na biki ne, ya ɗan makara."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye.

Sairusi, kai ne ka yarda a ƙi ka don mu ƙoshi. Mun gode, mun kuma ji kunya. Ka ce gwiwoyinka sun gaji, to ka huta.

Baɗi za a sake rufe ruwan. Sandar tana jingine a ƙofar dagaci. Wanda ya ci kifin Asabar ya lashe yatsa, ya je ya ɗauka.