Kamar Uba Ɗaya

Da damina ce, a ƙarshen mulkin soja, ina aji biyar, aka aike ni kai niƙa a unguwarmu ta Dutse. Mai injin ya ɗago kai, gari ya yi masa fari a gira, sai na ƙura masa ido. Idanunsa da wushiryarsa sak na jarumin fim ɗin da nake yanke hotonsa daga kwalin kaset ina ɓoyewa cikin littattafan soyayya. Na sheƙa gida in ba da labari, ina zubar da gari a hanya. Inna ta ranƙwashe ni, amma ƙanenta Kawu Bala, mai buga wata 'yar mujallar barkwanci, ya yi dariya har ya shaƙe. Washegari ya rataya kyamara ya nufi injin. Haka aka haifi shafin "An Tsaga Kara", shahararre a dama, talaka mai kama da shi a hagu. Har a makaranta ana rububinsa lokacin tara.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, Kawu ya jera hoton wani hamshaƙin Alhaji ɗan siyasa da na wani dillalin awaki, ya rubuta a ƙasa: "Kamar uba ɗaya ya haife su."

Ina tankaɗe a tsakar gida bayan la'asar babban ɗan Alhajin ya yi sallama a zaure. Muryarsa har ɗakin Inna.

"Malam Bala, wa ka zaga? Kakanmu ne ya bi matar wani, ko kakarmu?"

"Wallahi wasa ne, ranka ya daɗe."

"To ka yi wa alƙali wasan. Ƙazafi bulala tamanin ne."

Rariya ta suɓuce mini. Ranar ba a ɗora tukunya ba. Na yi ta kallon bayan Kawu, siriri cikin 'yar shara, ina tunanin ina bulalar za ta sauka. Inna ta yafa mayafi ta tafi gidan Liman, ta ƙi tashi daga ƙofa sai da ya yarda ya shiga tsakani. Sharaɗin da aka yanke, Kawu ya bi shago shago ya tattaro mujallar, ya ƙone ta da hannunsa a ƙofar gidan Alhajin, jama'a na kallo. Bai sake buga ko shafi ɗaya ba.

Yau kowa na haɗa fuskoki a waya, a yi dariya a wuce. Kawu kuwa hoton fasfo yake ɗauka, furfura ta cika masa kai. Da na haihu na miƙa masa jaririn na ce, "Kawu, da wa ya yi kama?"

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Da kansa."